Wa ya taɓa tono gaiwa da hannunsa a busasshiyar ƙasa?

Ɗan Kusiri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na je bayan gari wajen masu buga tubali, ana saran ƙasa da diga kawai sai wani dunƙule ya tsage gida biyu, ga gaiwa a ciki ta naɗe, wutsiya ta rufe mata kai, jikinta duk lulluɓe da wata fata siririya kamar busasshen ganye. Wallahi na ɗauka mushe ce. Wani yaro ya jefa ta a rabin duro, kafin magariba ta fara motsi. Wurin nan fa tun Disamba ruwa ya janye, yanzu muna Afrilu zafi ya haura 40. Don Allah duk wanda ya taɓa gani da idonsa ya ba mu labari, ni dai abin ya tsaya min a rai.

Tsohon masuncin Zina:
Wa alaikumus salam ɗana. Mu da wannan muka tashi a yayre, wato fadamar da kogin Logon ke malalewa a nan arewacin Kamaru. In ruwan Logon ya koma gidansa, taɓo ya fara tsagewa, sai mu fita da sanda da magirbi muna duba ƙasa, abin da ake nema ɗan rami ne ƙarami kamar a sa yatsa, ta nan take shan iska, in ka toshe shi ka kashe ta. Zurfin wani taki ɗaya wani ya kai kamu. Amma ka kiyayi bakinta, haƙoranta faffaɗa ne kamar dutsen niƙa, da su take fasa dodon koɗi, har yau tabon yana babban yatsana.

Hajiyar banda, Yagwa:
Baba ka tuna min da kakata Allah ya jiƙanta. Ita ba ta fasa dunƙulen, haka ake kawo mata shi da ƙasarsa ta jera a ƙarƙashin rumbu, ranar da babu na miya sai ta ɗauko ɗaya ta fasa, ga ɗanyen kifi a tsakiyar bazara ba firiji ba gishiri. Sai dai ta ƙarshen rani ba ta da tsoka sosai, ramammiya ce, shi ya sa tsofaffi ke cewa gaiwa mai cin jikinta. Ni da nake banda ta damina na fi so, kuma akwai masu sayen kifina da ko kyauta ba sa karɓarta wai ta yi kama da maciji.

Malamin lise, Marwa:
Hajiya maganar tsofaffin nan gaskiya ce tsantsa, ina faɗa wa ɗalibaina ita duk shekara. Ba wai tana gatsar wutsiyarta ba ne, a'a, tsokar jikinta ce ke narkewa a hankali ta zame mata abinci, kuma ta rage komai, bugun zuciya da numfashi duk sun yi ƙasa ƙwarai, don haka kaɗan ke isarta. Fatar nan da Ɗan Kusiri ya gani yauƙin jikinta ne, tana fitar da shi da yawa lokacin da taɓo ke bushewa sai ya daskare ya zama jaka ya hana ruwan jikinta fita, baki kawai ta bari a buɗe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fitsari, sauran kifi cikin ruwa suke zubar da dattin jikinsu, ita kuwa babu ruwa, sai hantarta ta mai da shi yuriya ta tara a jiki wata da watanni, ranar da ruwa ya zo ta wanke shi. Kuma huhu gare ta guda biyu. Na taɓa ajiye ɗaya a bokiti a aji, yara suka zauna suna ƙirga sau nawa take leƙowa ta haɗiyi iska.

Ɗan gura, Fus:
Malam huhun nan ni shaida ne. Na kafa gura ta nutse gaba ɗaya, da safe na ɗaga, karfasa duk da ransu suna tsalle, gaiwa biyu kuwa sun mutu. Kifi ya mutu don ruwa ya sha kansa!! Sai yayana ya ce ai ita dole ta taso sama. Da damina kuma na taɓa taka gidanta cikin ciyawa, rami ne a taɓo cike da 'ya'ya kamar talibambam masu wani gashi-gashi a gefen wuya, babbar ta yo kaina ba tsoro.

Malamin lise, Marwa:
Namijin ne wannan, shi ke gadin ƙwai da 'ya'yan, yana kaɗa wutsiya don ruwan ramin ya riƙa sabuntuwa. Gashin nan da shi suke numfashi kafin huhunsu ya nuna, daga baya ya shanye.

Tsohon masuncin Zina:
Abu ɗaya zan roƙe ku 'ya'yana. Da aka yi madatsar Maga a 1979 ga fari ya biyo baya, wuraren da muke tono da yawa shekaru ruwa bai hau su ba, mun sha fasa dunƙule mu tarar da ƙashi kawai, haƙurinta ma yana da iyaka. Sai a 1994 da aka sake buɗe wa yayre ruwa muka fara ganin sauƙi. To in kun samu fage mai ramuka kar ku kwashe duka, ƙananan ku bar su, na ga samari suna cika buhu da waɗanda ba su kai tafin hannu ba, abin yana ci min rai.

Ɗan Kusiri:
Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Tawa tana nan a duro, yau da safe na jefa mata dodon koɗi biyu na ji ƙarar fasawa ƙaras. Malam in na bar ta a haka har ruwan Yuli ya sauka na kai ta fadama ba matsala ko? Kuma ruwan famfo zan riƙa canja mata ko na kogi?