Triterpène: me za mu ce masa da Hausa?

Jama'a, a kawo agaji. Ina shirya bayani ga iyayenmu mata masu sana'ar man kaɗe a nan Garwa ta Kamaru, sai na ci karo da kalmar triterpène, alƙalami ya tsaya cak. A lisé, wato sakandare, da Faransanci muka haddace ta, ba wanda ya taɓa tambayarmu Hausarta. Dangin sinadarai ne da tsirrai ke yi, kowanne an gina shi da ƙwayar kabon 30. Akwai su a man kaɗe, a ƙaron hano, a ɓawon magarya, har da ganyen zaitun. Bincike ya nuna wasunsu na rage kumburi, ana kuma gwada su a kan ciwon daji. Ni dai "ƙaron magani" ya fara zo mini.

Wani malamin kimiyya daga Marwa: Ƙanwata, ƙaro ba zai yi ba. Jefa ƙaron dakwara a kofin ruwa ki dawo bayan la'asar, ya narke. Waɗannan kuwa ba sa shiri da ruwa, sai mai. Shi ya sa suke zama a man kaɗe. In dai siffa za a bi, maiƙo ya fi kusa.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Ngaundere: Malam ya yi gaskiya, amma ni "magani" ɗin ne ya fi damuna. Don Allah a cire shi. Ranar kasuwa mai lasifika zai ɗauka, gobe ka ji ana shelar garin ɓawo mai kashe daji, kwalba sefa 500. Mu ne muke ganin matan da suka yi wata da watanni suna shan jiƙo, sai ƙullutun nono ya fashe a kawo su. Gaskiya ne a 1995 masana a jami'ar Illinois da ke Chicago sun ciro wani daga cikin dangin nan a ɓawon magarya, suka ga yana kashe ƙwayoyin wata irin sankarar fata. To, a kwanon gwaji ne da jikin ɓeraye. Man shafawar da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, wanda aka yi da ɓawon wata bishiyar ƙasashen sanyi, na raunukan wata cutar fata ce da ake gado, bai shafi daji ba.

Wani ɗalibi daga Kuseri: Anti, ni a ce masa "ɗan talatin" kawai. Kabon 30 ne, magana ta ƙare.

Malamin Marwa: Ɗana, sunan ya yi daɗin baki, har na yi dariya, kamar ana cinikin ƙosai. Ma'anar ma ta zauna, don "tri" ɗin nan uku ne: kabon goma sau uku. Sai dai fa mai sauraro zai ɗauka farashi ake faɗa.

Ni mai tambaya: Na gode, Malam, na gode, Yaya. Na kwana da maganar, na kuma gwada ta a gida. Hajiyata tana gaban tukunya tana kwalfar mai da ludayi, na ce mata "ɗan talatin", ta ce yaushe ya sauko haka. Na ce "maiƙon ɓawo", ta gyaɗa kai, ta ce ai shi ke sa kaushi ya yi laushi da hunturu. Ba daidai ba ne ɗari bisa ɗari, tunda har a ganye da 'ya'ya ana samun sa, amma ta kama zaren.

Ga inda na tsaya. A rubuce zan sa tiritarfen, yadda bakinmu na nan ke furta shi. 'Yan'uwa na Najeriya wataƙila su ce tiritafin, za mu gane juna. Farkon ambato zan bi shi da "sinadarin maiƙon ɓawo". Wajen amfani kuma zan ce bincike ya nuna wasunsu na rage kumburi, batun daji ana kan gwaji. Takardar sai Asabar za ta tafi wurin bugawa, mai gyara ya yi magana kafin nan.