Wane wasa kuka gwada da ƙanana kan ruwa da itatuwa?

Malamar jardan, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ajina na ƴan shekara 4 zuwa 5 ne. In na tsaya ina yi masu bayanin hamada, ido kawai suke zuba mani. Wanda ya gwada wani wasa ya ga amfaninsa, don Allah ya ba mu labari.

Tsohon mushe (malamin makaranta), Keita: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki fitar da su waje, ki tara ƙasa tudu biyu. Rukuni ɗaya su bar nasu haka nan, ɗayan kuma su tona ƙananan ramuka masu siffar rabin wata a jikin gangaren, bakin ramin yana kallon saman tudun. Sai ki kwarara buta guda a kan kowane. Na farko ruwa zai gudu ya kwashe ƙasa, na biyu zai kwanta cikin ramukan yana shiga a hankali. Na sha ganin yaro ya durƙusa ya tsoma yatsa don ya ji zurfin laimar. Ki ce su je gida su tambayi kakanninsu, don mata ne suka ɗauki duwatsu a ka lokacin aikin gyaran ƙasa na Keita da aka soma a 1984. Abin namu ne, ba daga littafi ya zo ba.

Wata uwa, Tawa: Mu a lakwal ɗin ɗiyata tseren tsintar leda suke yi kafin a tashi. Yanzu in ta ga akuya na tauna leda sai ta bi ta da gudu ta ƙwace. Tun 2014 doka ta hana ledar nan, amma ga ta a kowace kasuwa. Roƙona, malama, ki riga su zagaya filin, akwai fasassun kwalabe, kuma su wanke hannu da sabulu.

Malamar jardan, Tawa: Na gode Baba, na gode Hajiya. Damuwata ruwa ce. Da bazara pampo kan ɗauke, ba zan so su ga ina zubar da buta biyu ba.

Tsohon mushe, Keita: Ki tari ruwan wankin hannunsu a roba, shi za ki zuba, kuma ki yi tudun a gindin icce.

Mai gandun dashe, Tawa: Ni dogon yaro nake ba makarantu. Wanda aka dasa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, yakan faɗa cikin hutu, kafin a koma a Oktoba awaki sun gama da shi. Gara kowane rukuni ya dasa nasa bayan an koma, ya raɗa masa suna, a kewaye shi da ƙaya, a riƙa gwada tsawonsa da igiya duk Alhamis. Malama, in kina so, ki aiko a ɗauki biyar.