Wa ya taɓa zuwa ganin jirgin Hunley a Charleston?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Charlotte, kuma ƙarshen watan nan zan kai iyali Charleston mu kwana biyu. Babban yarona, shekararsa goma sha ɗaya, ya dame ni sai na kai shi ya ga wani tsohon jirgin yaƙi mai nutso a ƙarƙashin teku da malaminsu ya ba su labari, wai Hunley. Tuƙin awa uku da ɗoriya ne, ga 'yar ƙarama ta goye. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min: jirgin ne na ainihi ko kwaikwayo aka ƙera? Sannan akwai abin da ke ɗan sosa min rai. Na ji jirgin 'yan Kudu ne a yaƙin basasar Amurka, masu yaƙin kare bauta. Ya dace in kai ɗana?

Injiniya Na Kolumbiya:
Wa alaikumus salam Baban Sadiya. Na je bara, kuma na ainihin ne, ba kwaikwayo ba. Yana North Charleston, a tsohon sansanin sojan ruwa, cikin wani gini da ake kira Warren Lasch Conservation Center. Asabar da Lahadi aka saba buɗe wa baƙi, amma ka duba shafinsu kafin ku kama hanya.

Kada ka sa ran taɓa shi. Kwance yake cikin ƙaton tanki, an jiƙa shi a ruwan sinadari, daga bene za ka leƙo shi. Da farko na ɗan ji haushi, sai da mai zagayawa da mu ya yi bayani: shekara 136 ya yi a cikin teku, gishiri ya ratsa ƙarfen, in aka bar shi a iska haka nan tsatsa ce za ta cinye shi. Shi ya sa ake zuƙe gishirin sannu a hankali tun da aka ciro shi ranar 8 ga Agusta, 2000.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙanƙantarsa. Tsawonsa ƙafa 40 ne ko kusa, cikinsa kuwa ko yaronka ba zai iya miƙewa tsaye ba. Babu inji. Mutum bakwai ne ke zaune a jere kan benci, a duƙe, suna juya wani dogon ƙarfe da hannu kamar mai murza injin taliya, shi ke kaɗa farfela. Na takwas, kwamandansu George Dixon, yana gaba yana tuƙi. Akwai kwaikwayon cikin jirgin da ake shiga a gwada. Na shiga, minti biyu bayana ya ƙage, ga shi ni a cikin haske da iska nake. Su kuwa da dare suka fita, a sanyin Fabrairu. A haka, ranar 17 ga Fabrairu, 1864, suka kai wa Housatonic, jirgin yaƙin 'yan Arewa, nakiyar albarushi da aka ɗaura a bakin wata doguwar sanda, suka nutsar da shi, mutum biyar suka mutu a cikinsa. Shi ne karo na farko a tarihi da jirgi mai nutso ya nutsar da jirgin yaƙi. Su ma ba su dawo ba.

Da aka buɗe Hunley, an tarar da ƙasusuwan kowa kusan a wurin zamansa, babu alamar an yi rububin ƙofa. Har yau ana muhawara: wasu na cewa ƙarfin fashewar ne ya kashe su nan take, wasu na cewa iska ce ta ƙare musu. Na daɗe a gaban fuskokinsu da aka sake ƙerawa daga ƙoƙon kawunansu, wallahi jikina ya yi sanyi.

Maman Ilham:
Injiniya ka manta tsabar zinaren! Ita ce za ta fi burge yaro. Dala 20 ce, ta lanƙwashe saboda ta tare wa Dixon harsashi a yaƙin Shiloh a 1862. Shekara da shekaru ana ɗauka tatsuniya ce, sai ga ta an tsinta a jikin ƙasusuwansa. Kuma ka san sau biyu jirgin nan ya nutse tun ana gwaji a 1863? Na farko mutum biyar, na biyu takwas, har da shi Horace Hunley mai sunan. Duk da haka aka samu waɗanda suka sake shiga. Malam, ka tafi da zanen goyo, matarka za ta fi jin daɗin hawa benen.

Alhaji Tsoho:
Baban Sadiya, damuwarka tana kan hanya, kada ka yar da ita. Jarumtar mutanen nan gaskiya ce, amma abin da suka tsaya wa shi ne a ci gaba da sayar da mutane irinmu. Housatonic yana cikin jiragen Arewa da suka toshe tashar Charleston, kuma cikin masu gadinsa a daren akwai wani baƙar fata, Robert Flemming, wanda ya hango abin yana tahowa a kan ruwa. Ka faɗa wa yaron sunansa. In kun fito, ku wuce gidan tarihin baƙaƙen fata da aka buɗe a 2023 a Gadsden's Wharf, daidai inda aka riƙa sauke bayi daga Afirka. Ni duka biyun na kai jikokina a rana guda.

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Alhaji, shawararka zan bi: Hunley da safe, Gadsden bayan azahar. Saura tambaya ɗaya, akwai masallaci kusa da wurin da za mu tsaya mu yi salla?