Firosesa tana kai digiri 99 tun shigowar bazara: a sauya fanka ko a rage gudu?

Mai tambaya, daga Gusau:

Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur da nake haɗa bidiyon bukukuwa da ita, mai firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i7-8700K, wadda na ɗaga gudunta ta cikin BIOS (shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta) zuwa 5.0 GHz a kan dukkan ƙwayoyinta shida, da ƙarfin lantarki bolt 1.38. A watan Janairu na yi wannan saiti, kuma a lokacin zafinta ba ya wuce digiri 82 ko da ana fitar da dogon bidiyo. Tun da Afrilu ya kama, manhajar HWiNFO take nuna mini 95 zuwa 99, fanka tana ta ƙara, aikin kuma yana jan lokaci fiye da da. Abin sanyayar na iska ne mai fanka ɗaya, ɗakin kuwa babu esi. Shin na'urar sanyaya ta ruwa za ta magance wannan, ko akwai abin da ya kamata in duba kafin in kashe kuɗi?

Amsa daga mai gyaran kwamfuta, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam. Malam, watannin da ka ambata su ne rabin amsar. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ta cikin ƙarfen sanyaya, saboda haka duk digirin da ya ƙaru a ɗaki sai ya bayyana a jikin firosesa kusan ɗaya bisa ɗaya. Ɗakin da yake digiri 25 da hunturu yana iya haura 38 da rana a Afrilu, musamman idan rufin kwano ne, kuma wannan tazara kaɗai ta isa ta kai ka daga 82 zuwa 95. Ragowar kuma ina zargin ƙurar hunturu ce, domin duk kwamfutar da aka kawo mana a wannan lokaci sai mun tarar ƙura ta toshe tsakanin faranten ƙarfen kamar an liƙa auduga.

Ka cire wuta, ka buɗe akwatin, ka hure ƙurar da bulowa, amma ka riƙe fuka-fukan fankar da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Sannan ka cire ƙarfen, ka goge tsohon man da ke tsakaninsa da firosesa, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan, domin ya zauna daidai. Ka kuma tabbatar fankar gaba tana jawo iska ciki, ta baya tana fitarwa.

Amsa daga malamin lantarki, Argungu:

Na yarda da abin da ɗan'uwa ya faɗa game da ƙura da zafin ɗaki, sai dai a ganina bolt 1.38 ne babban abin dubawa. Wutar da firosesa ke mayarwa zafi tana tafiya da gudu kai tsaye, amma da ƙarfin lantarki tana tafiya ne da adadin bolt sau kansa, wato bolt sau bolt. Idan ka sauko daga 1.38 zuwa 1.28, ka rage kusan kashi 14 cikin ɗari na zafin, idan kuma ka haɗa da saukar da gudu zuwa 4.8 GHz, ragin zai kai wajen kashi 17, alhali gudun da ka rasa kashi 4 ne kacal. Ko wannan ma a takarda ne kawai ka rasa shi, domin iyakar wannan firosesa digiri 100 ce, kuma da zarar ƙwaya ta taɓa iyakar sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Jinkirin da kake gani ke nan.

Akwai saiti biyu a BIOS da ake yawan mantawa da su. Na farko shi ne LLC, wanda ke hana ƙarfin lantarki faɗuwa idan aiki ya yi nauyi. Idan an sa shi a matakin ƙarshe, boltin da ke isa firosesa yana iya wuce wanda ka rubuta, don haka ka karanta ainihin adadin a HWiNFO yayin da ake fitar da bidiyo. Na biyu shi ne ragin AVX. Manhajojin matse bidiyo suna amfani da umarnin AVX, wanda ya fi sauran jan wuta, kuma idan ka sa ragin a 2, firosesa za ta sauka da 200 MHz a irin wannan aikin kaɗai.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na hure ƙurar, na sa sabon mai, na sauko zuwa 4.8 GHz da bolt 1.28, yanzu kuma zafin yana tsayawa a 84. Wani ya ba ni shawarar a cire murfin firosesar a sa ƙarfen ruwa (wani narkakken ƙarfe mai ɗauke zafi da ake sawa a madadin mai) a ciki. Me kuke gani?

Malamin lantarki, Argungu:

Gaskiya ne wannan samfurin da ya fito a 2017 mai ne a ƙarƙashin murfinsa, ba dalma ba, shi ya sa cire murfin yake rage zafi sosai. Amma ƙarfen ruwa yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin alminiyam, ɗigo ɗaya a inda bai dace ba ya isa ya kashe firosesar, kuma ba zan ba mai neman abinci da kwamfuta ɗaya shawarar gwada shi ba. Ka fara tabbatar da saitin da kake kai: ka kunna Prime95, manhajar da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi don gwaji, na tsawon awa guda tsakanin azahar da la'asar, akwatin a rufe. Idan gwajin ya tsaya ko allo ya yi shuɗi da saƙon kuskure, ka ƙara bolt 0.01 ka sake gwadawa.