Me ya sa tsofaffin tallace-tallacen turare na talabijin suka fi na yanzu riƙe mai kallo?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar talla ko ta ɗaukar fim a cikinmu. Kwanan nan na duƙufa wajen kallon tsofaffin tallace-tallacen turare na Turai da Amurka, waɗanda mutane suka kwafo daga kaset-kaset na bidiyo suka ɗora a YouTube, galibinsu daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990. Hotunan sun koɗe, sautin ya dusashe, wani lokaci ma layin kaset yana gilmawa a ƙasan allo, amma duk da haka sai in ga ina ta maimaita talla ɗaya, alhali kuwa tallan turaren zamanin nan da zarar ya fito nake neman inda zan danna in tsallake shi.

Turawan da ke sharhi a ƙarƙashin bidiyoyin kusan bakinsu ɗaya, cewa abin yana tuna musu da ƙuruciya ne, wannan ya ce turaren mahaifiyarsa ne, wancan ya ce na kakansa ne. Wannan dalili bai hau kaina ba, domin ban taso ina ganin waɗannan tallace-tallace ba, ƙamshin da na sani a gidanmu kuwa na turaren wuta ne da humra da Bintu Sudan. Yawancin turarukan da ake tallatawa ma ban taɓa shaƙarsu ba. Idan ba kewar da ba ce, mene ne yake riƙe ni?

Tsohon Mai Kamara:

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tana farawa ne daga matsalar da mai tallan turare yake fuskanta wadda mai tallan mota ko sabulu bai san ta ba. Mota za a nuna ta tana gudu, sabulu za a nuna ya fitar da dauɗa, amma ƙamshi ba ya ratsa gilashin talabijin. Saboda haka dole ne a cikin daƙiƙa talatin ko sittin a ƙirƙiro wani abu da zai tsaya a madadinsa, kuma gwanayen wancan zamani sun fahimci cewa abu ɗaya tak ake bukata, mai ƙarfi, wanda ba a yi masa bayani.

Ka nemi tallan Chanel No. 5 na 1979 wanda Ridley Scott ya shirya. Mace ce kwance a bakin wurin ninƙaya, inuwar jirgin sama ta gifta, wani mutum ya bayyana a ɗaya gefen, ya faɗa ruwa ya iyo zuwa wajenta, yana fitowa sai ya ɓace. Ba a faɗi ko wane ne shi ba, ba a ambaci furannin da ke cikin turaren ba, shuɗin ruwa da hasken rana kaɗai aka bar wa mai kallo. Turaren kansa tun 1921 yake kasuwa, kuma irin wannan talla ce ta taimaka wajen hana a riƙa kallonsa a matsayin kayan tsofaffi.

Wanda na fi so in nuna wa matasa masu koyon kamara shi ne tallan Égoïste, wato mai son kansa, na 1990, aikin Jean-Paul Goude. An gina fuskar wani katafaren otal a Barazil, a kwaikwayon otal ɗin Carlton na birnin Cannes, aka tsayar da mata sanye da rigunan biki a bayan tagogi. Tallan ya fara da baƙi-da-fari, matan suna zazzaga faɗa a kan wani namiji mai son kansa, sannan launi ya shigo, kamara ta ja baya, tagogin suka riƙa buɗewa suna rufewa a tare bisa bugun kiɗa, kowace mace tana ƙwala kiran sunan turaren. Shi gogan da ake wa wannan tijara ba a taɓa nuna fuskarsa ba. Hannunsa kawai ya fito ya ajiye kwalba a kan dakalin baranda. Turaren maza ne, amma ba a ce maka idan ka shafa za a so ka ba, ce maka aka yi za a tsine maka daga kowace taga, kuma dabarar ta yi aiki.

Abin da ido yake ji a nan, ko da mai kallo bai san dalili ba, shi ne cewa komai na gaske ne. Katako ne kafintoci suka sassaƙa, mutane ne aka yi ta horarwa har motsinsu ya daidaita, kuma a kan fim aka ɗauka, wanda yake da tsada, ba a barinsa yana ta gudu a banza kamar yadda muke yi da kamarar zamani. Tsadar ce take tilasta wa mai ba da umarni ya gama yanke shawara kafin a kunna fitila. A ganina, wannan natsuwa ce take riƙe ka, ba koɗewar hoton ba.

Malamar Tarihi:

Na amfana da bayanin Baba Mai Kamara, sai dai ina ganin akwai gyara. Abin da muke kallo a yau zaɓaɓɓe ne. An yi dubban tallace-tallacen turare a waɗannan shekaru, yawancinsu shirme, babu wanda ya damu ya adana su, waɗanda suka yi fice su ne ake ta yaɗawa. Idan muka auna fitattun shekara ashirin da duk abin da ya faɗo mana a waya a wannan mako, dole na da ya yi rinjaye, amma awon bai yi adalci ba.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke nuna abin da al'ummar da ta yi su take ciki. Kamfanin Revlon ya fitar da Charlie a 1973, daidai lokacin da mata a Amurka suke tururuwar shiga aikin ofis, sai aka nuna Shelley Hack sanye da wando tana taku da faɗi, ta shiga wurin cin abinci da ƙafarta ba tare da wani ya riƙo hannunta ba. Kafin nan an fi ɗaukar turare a matsayin tsarabar da namiji yake saya wa mace, shi kuwa Charlie an yi shi ne domin ta saya wa kanta da albashinta. A 1978 Enjoli ya zo da nasa saƙon, wai turaren awa takwas ne na macen awa ashirin da huɗu, wadda za ta nemo kuɗi, ta yi girki, ta kuma kula da miji. A lokacin yabo ake nufi, amma mai kallo a yau abin da zai fara tambaya shi ne yaushe baiwar Allah take barci.

Na maza kuwa da wasa da dariya aka shigar da su, saboda namijin Ingila na wancan lokaci yana jin kunyar a ce yana shafa turare. Sai masu Brut suka ɗauko ɗan dambe Henry Cooper, daga baya suka haɗa shi da ɗan ƙwallo Kevin Keegan, domin a nuna cewa idan waɗannan sun yayyafa, babu wanda zai yi maka gori. Hai Karate, wanda ya fito a 1967, har takardar koyon kare kai ake sakawa a cikin kwalinsa, wai don mai shafawa ya iya kuɓuta daga mata. Kada kuma mu rufe ido a kan cewa da yawa daga cikinsu sun dogara ne da tsiraici da mayar da mace abin ado, wasu kuma da zuzuta wata Gabas ta mafarki, kamar Opium na Yves Saint Laurent na 1977, wanda Sinawan Amurka suka yi bore a kan sunansa saboda sunan wata ƙwaya ce mai sa maye wadda ta yi ɓarna a tarihin ƙasarsu ta asali.

Mai Shagon Turare:

Hajiya Malama ta yi gaskiya game da zaɓe, amma ni da nake zaune da kwalabe kullum zan ƙara wani abu. Turarukan shekarun 1980 masu kauri ne, kuma tallarsu ta yi daidai da su. Giorgio Beverly Hills na 1981 ya kai ga wasu gidajen cin abinci a Amurka sun nuna ba sa maraba da mai shafa shi, saboda yana danne ƙamshin abinci. Poison na Dior da Obsession na Calvin Klein duk a 1985 suka fito, kuma ko sunayen kaɗai, wato guba da kamuwa da tsananin bege, sun isa su gaya maka cewa ba sanyin hali aka zo sayarwa ba. Tallan Obsession na farko, da Richard Avedon ya ɗauka, mutane ne a wani farin ɗaki suna maganganu masu wuyar fahimta kamar a wasan kwaikwayo, har masu barkwanci a talabijin ɗin Amurka suka mayar da shi abin kwaikwayo. Wannan bai rage masa ciniki ba. Sai a 1994 CK One ya sauya akala, turare mai sauƙi na maza da mata baki ɗaya, tallansa kuma matasa ne a tsaitsaye cikin singileti da wandon jins.

Gargaɗina ga Malam mai tambaya shi ne, idan talla ta ja ka ka je ka sayi kwalbar da ake sayarwa yau, kada ka ɗauka lallai abin da waccan mata ta shafa ne ka samu. An sake haɗa yawancin tsofaffin turaruka. Ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, IFRA, ta taƙaita amfani da wani gansakuka da ke fitowa a jikin itatuwa, wanda shi ne ƙashin bayan turaruka da yawa na da, saboda yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata, sannan Tarayyar Turai ta haramta sinadarin Lilial a kayan kwalliya daga 2022. Suna da kwalba suna nan, abin da ke ciki ya sauya. Shi ya sa ake samun masu farautar tsofaffin kwalabe a intanet da tsada, kodayake turaren da ya sha zafi da haske shekara talatin yakan juya.

Tun da ka ambaci Bintu Sudan, shi ma tsohon hannu ne, kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fara haɗa shi a 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Abin da ya yaɗa shi fatake ne da alhazai da kayan lefe, waɗanda suka kai ƙamshin kansa har hancin mai saye, aikin da talabijin ta kasa.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Bayan karanta amsoshinku na koma na kalli tallan White Diamonds na Elizabeth Taylor, wanda ya fito a 1991 kuma aka yi shekaru ana maimaita shi a Amurka duk lokacin Kirsimeti. Baƙi-da-fari ne, maza suna caca a kan tebur, ta zo ta cire ɗan kunnenta na lu'ulu'u ta ajiye wa ɗayansu, ta ce yana kawo mata sa'a. Yanzu na lura cewa tauraruwar tana yin wani abu a cikin labari, ba tsayawa kawai ta yi tana kallon kamara riƙe da kwalba ba, kuma wannan ya dace da maganar Baba Mai Kamara. Hajiya Malama, na karɓi gyaranki a kan zaɓe, sai dai ko a cikin fitattun na yanzu ban ga wanda zai yarda ya ɓoye fuskar jaruminsa kamar yadda Goude ya yi ba, domin kuɗin da aka biya tauraro ba zai bari a nuna hannunsa kaɗai ba.

Saura tambaya ɗaya ga Alhaji Mai Shago. Idan mutum ya samu tsohuwar kwalba wadda ba a taɓa buɗewa ba, ta yaya zai gane turaren bai juya ba tun kafin ya biya kuɗi, musamman idan hoto kawai mai sayarwa ya turo masa?