Wai babu mata a aikin gilashi mai launi ne?

Ummi Mai Zane:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen zane-zane, an ba mu aikin gida kan tagogin gilashi masu launi, irin na coci-cocin Turai. Sunayen da aka jero mana a aji duk na maza ne: Tiffany, William Morris, Burne-Jones, Harry Clarke, Chagall. Da na tambaya ko babu mace, sai wani ɗan ajinmu ya ce ai aikin wuta da dalma ne, ina mace ina shi. Maganar ta tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka da sunaye da shekaru, don malaminmu ba ya karɓar "an ce".

Maman Sadiq, Dublin:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ce wa ɗan ajin naku ya sake bincike. Ni aikin jinya ne ya kawo ni Dublin, ba zane ba, amma garin nan ba ya barin mutum ya jahilci wannan sana'a.

Fara da Tiffany ɗin da aka ba ku. Fitilun nan masu hoton mazari da furanni, da yawansu zanen wata mata ce, Clara Driscoll, 'yar jihar Ohio. Ita ce shugabar sashen mata masu yankan gilashi a kamfanin, a New York, wanda aka buɗe a 1892 lokacin da maza suka tafi yajin aiki. Su ne suke zaɓen launi, su yanka gilashi ƙanana-ƙanana, su naɗe bakin kowane yanki da siririn jan ƙarfe kafin a liƙe. Fitilar furen Wisteria guda ɗaya tana cin yanki kusan 2,000. Fitilar mazarin ta ci kyauta a baje kolin duniya na Paris a 1900. Amma a shago da kan kaya, sunan Tiffany kawai ake gani. Sai da masu bincike suka bi wasiƙun da take aika wa mahaifiyarta da 'yan uwanta mata, aka yi baje koli a gidan tarihin New-York Historical Society a 2007, sannan duniya ta san yawan abin da ya fito daga hannunta. Ta rasu tun 1944, ba ta ga wannan ba. Irin abin da ke faruwa da hula ke nan a gida: mace ta ƙare idonta a ɗaki tana ɗinki, a kasuwa kuma sunan mai shago ake kira.

Yanzu ki dubi inda mace ce take da shagon. A nan Dublin, Sarah Purser ta kafa gidan aikin gilashi mai launi mai suna An Túr Gloine a 1903, a titin Upper Pembroke. Mai zanen hotunan manya ce, tana da kuɗinta (hannun jarin Guinness ya taimaka mata, Allah ya kyauta), ta zuba a ciki. Ƙa'idar gidan ita ce mutum ɗaya ya riƙe taga tun daga zanen takarda har zaɓen gilashi da fenti, ba a rarraba aikin kamar masana'anta ba. Saboda haka kowace taga an san mai ita. Daga nan Ethel Rhind da Catherine O'Brien da Beatrice Elvery suka fito, da manyan biyun, Wilhelmina Geddes da Evie Hone, waɗanda duka suka rasu a 1955.

Ni dai Geddes ce tawa. Akwai aikinta a cocin St Ann da ke titin Dawson, a tsakiyar gari. Mutanen da take zanawa ba su da wannan fuskar lallausa ta hotunan coci. Ƙaƙƙarfa ne, fuska a murtuke, layin baƙi mai kauri, ja da shuɗi kamar za su ƙone. Ita ta yi tagar tunawa da sojoji a cocin St Bartholomew a Ottawa, Kanada, a 1919, da babbar taga mai da'ira a majami'ar St Martin ta Ypres, Beljiyam, a 1938. Hone kuwa shan inna ya kama ta tun tana yarinya, da wannan jikin ta tafi Paris ta koyi zanen zamani wajen André Lhote da Albert Gleizes. Da bam ya tarwatsa babbar tagar gabas ta cocin makarantar Eton a Yaƙin Duniya na Biyu, ita aka ba aikin sabuwa, ta gama a 1952. Wata tagar da ta yi domin baje kolin New York na 1939 yanzu tana cikin ginin gwamnati a titin Merrion.

A Landan ma haka. Mary Lowndes ta haɗa gwiwa da Alfred Drury a 1897, suka gina Glass House a Fulham a 1906, inda mai zane zai kama hayar ɗaki ya yi amfani da tanderu da ma'aikatan gidan ba tare da ya zama yaron kowa ba. Can Geddes ta koma a 1925. Lowndes ɗin nan ita ta jagoranci ƙungiyar masu zane da suka yi tutocin gangamin neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a.

In ni ce ke, a kan wannan zan gina aikin: hannu iri ɗaya, amma inda mace ta mallaki wurin aiki sunanta ya zauna, inda take ƙarƙashin kamfani ya nutse.

Ɗan Maradi:

Sannu Hajiya, kin yi ƙoƙari. Ku masu Ingilishi kullum kuna manta Faransa. Ummi, ki ƙara Marguerite Huré. Ita ta yi gilashin cocin Notre-Dame du Raincy kusa da Paris a shekarun 1920, tare da maginin nan Auguste Perret. Bayan yaƙi ya rusa birnin Le Havre, ita ta cika hasumiyar cocin Saint-Joseph, mai tsawon mita 107, da yankin gilashi fiye da 12,000. Babu hoton mutum ko ɗaya, launi ne zalla, mai duhu a ƙasa, yana washewa in ka ɗaga kai sama. Na shiga lokacin da nake karatu can, wuyana har ya yi ciwo.

Malam Na Zariya:

Hajiya, a yi wa Tiffany adalci. Shi ya kafa tanderunsa a unguwar Corona ta New York, ya kashe dukiya wajen gwajin gilashin da launinsa ke cikin jikinsa, kuma ba zanen da ke fita sai ya amince. Mazan da suka yi masa aiki su ma ba a buga sunansu a kan kaya ba. Haka tsarin kamfani yake a lokacin, ba wai an ware mata ba ne. Ummi, kada ki rubuta abin da malami zai kama ki da son rai.

Maman Sadiq, Dublin:

Gaskiyarka Malam, gilashin nasa ne, kuma ya ɗauki mata aiki lokacin da wasu ba sa yi. Agnes Northrop ta shafe shekaru masu yawa tana zana masa tagogin lambuna da tsaunuka, ɗaya daga cikinsu ta 1917 tana gidan tarihin Art Institute a Chicago yanzu. Amma ita ba ta taɓa aure ba, kuma nan maganar take. Dokar gidan, mace in ta yi aure ta bar aiki. Clara ta tafi a 1889 saboda aure, ta dawo bayan mijin ya rasu, da ta sake aure a 1909 ta tafi ke nan. Wane namiji aka sallama don ya yi aure? Sannan a 1903 mazan suka yi barazanar yajin aiki don a rufe sashen matan gaba ɗaya. Sulhun da aka yi shi ne sashen ya zauna, amma kada matan su wuce 27. Ummi, ki sa wannan adadin da shekararsa, ki kuma sa hujjar Malam a gefe, malaminku ya auna da kansa.