Neman Shawara: Warin Danshi Ya Ƙi Barin Kafet Bayan Na Wanke Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Jidda da iyalina, kuma kafet ɗin falonmu irin wanda aka manne da ƙasa ne daga bango zuwa bango, don haka ba ya naɗuwa balle a fitar da shi rana.

Kwana 9 da suka wuce ƙaramin ɗana ya yi fitsari a kusurwar da mahaifiyata take salla, sannan akwai tsohon tabon gahawa kusa da ƙofa. Na tsotse ƙurar da inji, na kwarara ruwa a wurin najasar, na goge falon duka da omo da buroshi, na kuma danna tsofaffin tawul har suka daina jiƙewa. Saman ya bushe, amma idan na dafa tafin hannuna da ƙarfi sai in ji sanyin laima daga ƙasa, kuma da zarar an kashe na'urar sanyaya ɗaki warin danshi yake tasowa. Kun san iskar Jidda, buɗe taga ma laima yake ƙarawa. Na barbaɗa garin bikarbonat (wato baking soda) ya kwana, na yi turaren wuta, duk a banza. Abin yana damuna ƙwarai, domin Hajiya tana fama da asma.

Shin ruwan khal zai kashe warin, ko ƙara jiƙa shi zan yi? Idan kumfar omo ce ta maƙale a ciki, ta yaya zan fitar da ita ba tare da na ɓamɓare kafet ɗin ba? Allah ya saka da alheri.